Dogon zama a kujera: me yake yi wa numfashi da ƙugu?

Tambaya: Aikina na kwamfuta ne, ina wuni a kujera awa takwas zuwa tara. Kwanakin nan da yamma ta yi sai in ji numfashina ba ya kai wa ƙasa, ina yawan ajiyar zuciya da hamma, wuya da kafaɗu su riƙe. In na tashi kuma gaban ƙuguna ya sage, sai na yi 'yan taku kafin in miƙe sosai. Wani ya ce min zaman ne ya gajarta tsokar ƙuguna har take janyo tsokar numfashi. Gaskiya ne? Me zan yi?

Amsa: Malam, sannu da fama, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ya ba ka wancan bayani ya kama bakin zaren, sai dai ya ja shi fiye da inda ya kai. Gaskiya ne tsokar numfashi da babbar tsokar ƙugu maƙwabtan juna ne, kuma ƙashin baya ɗaya suka riƙe. Amma a ce zaman ofis ya gajarta ɗaya har tana fizgo ɗayar, wannan magana ta fi yawo a bakin masu koyar da motsa jiki fiye da yadda bincike ya tsaya mata. Abin da na fi gani a wurin masu irin aikinka ya fi haka sauƙi, kuma yana gyaruwa. Jiki ne ya daɗe a naɗe wuri ɗaya, numfashi ya rasa filin sauka, ƙugu kuma ya wuni bai buɗe ba ko sau ɗaya.

Bari mu fara da numfashin, tunda shi ya fi tayar maka da hankali.

Huhu ba ya jan iska da kansa, ba shi da tsokar yin haka. Mai yi masa aikin wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, likitoci na ce mata diyafiram. Siffarta kamar ƙwarya a kife: huhu da zuciya suna samanta, hanta da tumbi da saifa da hanji suna ƙarƙashinta. Bakinta ya zagaye jiki kaf. Ta gaba ta kama ƙarshen ƙashin ƙirji, wajen ƙahon zuciya. Ta gefe ta kama haƙarƙari shida na ƙasa a kowane ɓangare. Ta baya kuma ta sauko da ƙafafu biyu ta riƙe ƙashin bayan kwankwaso, ta dama har gaɓa ta uku, ta hagu har ta biyu. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa. Jijiyar da ke kai mata umarni daga wuya ta taso, daga mataki na 3 da na 4 da na 5 na lakar wuya, shi ya sa wanda lakarsa ta tsinke can sama numfashinsa ke tsayawa.

Idan za ka ja numfashi, tsokar sai ta ɗaure ta sauko. In kana hutawa saukar ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, in ka ja dogo kuwa tana iya kusantar santimita 10. Saukar nan ce ke faɗaɗa ƙirji, iska ta shigo ta cike gurbin, kimanin rabin lita a kowane ja in kana hutawa. To amma ƙasan da za ta sauka ba fanko ba ne. Kayan ciki ne maƙil, kuma ba sa ƙanƙancewa, sai dai su matsa su ba ta wuri. Shi ya sa ciki ke ɗan turowa gaba, haƙarƙarin ƙasa kuma ya buɗe ta gefe da ta baya. Wannan buɗewar ta haƙarƙari ba a cika lura da ita ba, kowa ciki yake kallo, alhali muhimmiya ce ƙwarai: idan tsokar ta sauka ta dafa kayan ciki, su ne madogarar da take tokarawa ta ɗaga haƙarƙarin waje. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wato wajen sau 20,000 a dare da rana, kuma in dai ba gudu ake ba ko haki, mafi yawan aikin ita ke yin sa.

Yanzu ka dubi zamanka bayan awa biyar ko shida. Da safe ka zauna a miƙe. A hankali ɗuwawu suka zame gaba, kwatangwalo ya jirkice baya, 'yar lanƙwasar nan ta kwankwaso ta ɓace, baya ya yi doro tun daga ƙugu har ƙeya, kai ya leƙa gaba yana bin allon kwamfuta. A wannan zama tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙasa da ƙashin mara ta ragu. Kayan ciki sun cunkushe sun tokare tsokar numfashi daga ƙasa, haƙarƙarin gaba kuma ya nutse ya kasa buɗewa. In ga bel a ɗaure tamau, ko ga teɓa, matsin ya ƙaru. Tsokar lafiyarta ƙalau, hanyar saukarta ce aka tare.

Jiki kuwa ba ya yarda a bar shi ba iska. Sai ya kira mataimaka: tsokokin gefen wuya da suka kama haƙarƙari na farko da na biyu, da doguwar nan da ta taso daga bayan kunne ta sauka saman ƙashin ƙirji, da na saman kafaɗa. Su waɗannan na ranar wahala ne, lokacin gudu ko ɗaukar kaya ko tashin asma, su ɗaga ƙirji sama na ɗan lokaci su huta. Idan aka bar musu numfashin yini guda, sau dubbai, dole su gaji. Ga kuma kai, mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka, ya fito gaba, su ne dai ke riƙe da shi kada ya faɗi kan tebur. Riƙewar wuya da kafaɗun da kake ji da yamma daga nan take.

An auna wannan. A 2006 wasu masu bincike a Shikago, ƙasar Amurka, sun sa mutane masu lafiya sun busa na'urar auna huhu a tsaye, da zaune a miƙe, da zaune a ranƙwafe. Zaman ranƙwafawa shi ya zo ƙarshe wajen yawan iskar da huhu ke ɗauka da kuma ƙarfin fitar da ita. Ba sai ka nemi na'ura ba: ka sulale a kujerarka yadda ka saba, ka ja numfashi iya ƙarfinka, sannan ka miƙe zaune ka sake ja. Bambancin a take za ka ji shi. Ka lura kuma a take ya gyaru da ka miƙe. Huhunka bai ƙanƙance ba.

Akwai abin da nake so ya kwantar maka da hankali. Jin cewa iska ba ta isa, a wurin mai lafiyar huhu da zuciya, ba ya nufin oksijin ya yi ƙasa a jini. In aka maƙala maka na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a lokacin, galibi za ka ga 95 zuwa 100 cikin ɗari, daidai yadda ake so. Ajiyar zuciyar ma aiki take yi. A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska miliyoyi ɗaruruwa, kuma idan numfashi ya daɗe yana tafiya sama-sama, wasunsu, musamman na ƙasan huhu, sai su fara lafewa. Ƙwaƙwalwa ta san da haka, shi ya sa kowane ɗan'adam ke yin ajiyar zuciya kusan duk minti biyar, ko ya sani ko bai sani ba, don a sake hura su. Wanda ya wuni a naɗe ba mamaki tasa ta yawaita.

Inda abin ke rikicewa shi ne idan damuwa ta shigo. Mutum in ya duƙufa a kan aiki mai cin rai yakan riƙe numfashi bai sani ba, ko ya riƙa yin sa gajere da sauri. Can ya farga, ya tsorata, ya shiga zuƙar iska da baki babu ƙaƙƙautawa. Yawan zuƙar nan yana zubar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, kuma raguwarta a jini ita ke kawo jiri, da tsatsar yatsu da leɓɓa, da ƙarin jin cewa iskar ba ta isa. Sai ya ƙara zuƙa. Saboda haka ba na son shawarar nan ta "ka riƙa jan dogon numfashi" a bar ta haka tsirara. Mai wannan hali ba ƙarin iska yake bukata ba, sassauci yake bukata, da doguwar fitarwa.

Kada kuma mu ɗora wa zama laifin da ba nasa ba. Ga huhu, zama a miƙe ya fi kwanciya rigingine, domin a kwance kayan ciki kan gangaro su danne tsokar numfashi. Mai ciwon zuciya da numfashi ya yi wa wuya tashi zaune yake yi da dare, mai asma kuma yakan zauna ya ɗan karkato gaba ya dafa gwiwoyi. Laifin yana ga naɗewa da daɗewa.

Mu koma ƙugu. Tsokar da aka yi maka maganarta sowas likitoci ke kiranta. Ba a ganinta, hannu ma da ƙyar yake kai mata, domin can ciki take bayan hanji. Ta taso daga gaɓar ƙarshe ta ƙashin bayan ƙirji da gaɓoɓin kwankwaso biyar, ta gangaro ta cikin kwatangwalo, ta haɗu da wata tsokar da ke shimfiɗe a jikin ƙashin kwatangwalo ta ciki, suka ratsa matse-matsi tare suka kama saman ƙashin cinya. Aikinta ɗaga cinya, kamar lokacin hawa matakala ko zura ƙafa a wando, da kuma tallafar ƙashin baya. Ƙafafun tsokar numfashi da na ce ka riƙe, a nan suka same ta. Gefen tsokar numfashi ta baya ya yi baka ya haye kan sowas, tantanin da ya lulluɓe ɗaya kuma ya zarce zuwa ɗayar. Dab da su akwai ta uku, wadda ta haɗa haƙarƙari na 12 da saman kwatangwalo, tana riƙe haƙarƙarin nan kada ya bi tsokar numfashi idan ta ɗaure. Duk wanda ya taɓa ganin wurin a ɗakin koyon sassan jiki ba zai musa kusancinsu ba.

Amma kusanci daban, jan juna daban. Tsoka tana gajarcewa da gaske, an ga haka. A shekarun 1970 an sa ƙafafun dabbobi a filasta mai tauri, irin ta ɗaurin karaya, a lanƙwashe na makonni, aka tarar ƙananan sassan da ke jere a tsawon zaren tsoka sun ragu, tsokar ta koma gajera. Sharaɗin shi ne ɗauri ba kwancewa, dare da rana. Daga baya, a 1990, aka nuna a jikin ɓeraye cewa cire ɗaurin a miƙar da tsokar na rabin awa kacal kowace rana ya isa ya hana wannan asara. Kai kuwa ba a filasta kake ba. Kana tashi, kana tafiya, kana kwanciya. Gajarcewa ta haƙiƙa muna ganinta ne a wurin wanda ya yi watanni a gadon jinya da ƙafafu a naɗe, ko wanda ke kan keken marasa lafiya, ko wanda aka yanke wa ƙafa.

Labarin "gajeriyar tsokar gaban ƙugu, raunanniyar tsokar ɗuwawu", wai su ke karkatar da kwatangwalo, ya samo asali ne daga koyarwar Vladimir Janda, wani likita ɗan ƙasar Cek da ya yi tasiri sosai a fagen gyaran tsoka da gaɓoɓi. Koyarwarsa tana taimaka wa ɗalibi ya san inda zai duba, ina kuma girmama ta. Sai dai da aka zo ana auna mutane da yawa, an tarar karkatar kwatangwalo ta bambanta ƙwarai ko a tsakanin waɗanda ba sa jin ciwon komai, alaƙarta da ciwon baya kuma ba ta da ƙarfi. Saboda haka kada wani ya kalle ka a tsaye ya yanke maka hukuncin cewa jikinka ya karkace. Tsoron da irin wannan magana ke dasa wa mutum yakan fi sagewar kanta illa, domin mai tsoron jikinsa rage motsi yake yi.

Kai da kanka ka kawo hujjar a tambayarka: ka ce bayan 'yan taku sai ta sake. Tsokar da ta gajarce da gaske ba ta sakewa a taku goma. Abin da kake ji taurin da tsoka da gaɓa ke yi ne idan sun daɗe ba motsi, motsi kuma shi ke warware shi.

Abin da ke taruwa da shekaru wani abu ne dabam, kuma shi na fi damuwa da shi. A zaune cinya tana lanƙwashe digiri 90 ko kusa da haka. A tafiya mai kyau kuwa, cinya tana wucewa bayan jiki da digiri 10 zuwa 20 kafin ƙafa ta bar ƙasa. Wanda ya tashi daga kujerar ofis ya shiga ta mota, daga nan ya faɗa ta falo, takunsa kuma gajeru ne a tsakanin ɗaki da ɗaki, zai iya yin makonni cinyarsa ba ta wuce baya ba. Tsokar ɗuwawu, wadda ita ce mafi girma a jiki kuma ita ke tura cinya baya, ta wuni a danne ba aiki, ƙarfinta na zubewa a hankali. Ranar da aka bukaci dogon taku ko doguwar tsayuwa, ƙugu ya ƙi bayarwa, sai kwankwaso ya gantsare ya biya bashin. Gantsarewa kuwa tana ɗaga haƙarƙarin gaba sama, ta karkatar da tsokar numfashi daga fuskantar ƙasan kwatangwalo. A ganina nan ne ƙugu da numfashi suka fi haɗuwa da gaske, ta hanyar yadda haƙarƙari ke zama a kan kwatangwalo.

In kana so ka san ko gaban ƙugunka ya rage buɗewa, akwai gwajin da ya samo asali daga wanda Hugh Owen Thomas, likitan ƙashi ɗan yankin Wales a Birtaniya, ya bari tun ƙarni na 19. Ka kwanta rigingine a bakin gado mai tauri, ɗuwawu dab da ƙarshensa, ka rungume gwiwa ɗaya zuwa ƙirji har kwankwaso ya kwanta, ka saki ɗayar ƙafar ta rataya. In cinyar da aka saki ta kwanta daidai da gadon ko ta ɗan yi ƙasa, buɗewarka ta isa. In ta tsaya a sama ta ƙi sauka, akwai aiki. Ka gwada ɓangarorin biyu.

Tsokar numfashi tana da aiki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. A 1997 Paul Hodges da abokan aikinsa a Ostareliya sun nuna cewa idan mutum zai ɗaga hannu da sauri, tsokar numfashi tana ɗaurewa tun kafin tsokar kafaɗar ta fara aiki, ko yana jan numfashi a lokacin ko yana fitarwa. Tana haɗa kai da tsokar ciki mafi zurfi, wadda ta zagaye ciki, da tsokokin ƙasan kwatangwalo, su ƙara matsin cikin ciki don ƙashin baya ya samu abin dogaro. Wato tsoka ɗaya ce ke ba ka iska kuma take tallafar bayanka. Wannan ne ya sa ba na yarda da gyaran da mafi yawan mutane ke yi wa kansu, wato su banƙare ƙirji, su ja kafaɗu baya, su shanye ciki, su ƙame. Wanda ya shanye ciki ya sake tare wa tsokar hanya, ta wani salon. Kuma ba mai iya riƙe wannan zaman fiye da 'yan mintuna. Da hankali ya koma kan aiki sai jiki ya sulale.

To me za ka yi? Abu na farko, wanda ya fi duk sauran, ka riƙa tashi. Duk rabin awa, ko aƙalla kafin awa ta cika, ka miƙe tsaye na minti ɗaya ko biyu, ka ɗaga hannuwa sama ka yi miƙa, ka yi 'yar tafiya da taku mai faɗi. Kada ka dogara da tunawa, ka sa ƙararrawa a waya, ko ka ɗaura tashin a kan abin da kake yi dama, kamar amsa kira a tsaye. Na san akwai ayyukan da tashi ke da wuya, direban doguwar tafiya ko tela ko mai karɓar kuɗi. Su ma su canja zama, su jingina, su miƙe ƙafa, su yi amfani da duk tsayawar da ta samu.

Zaman kansa ba ya bukatar kujera mai tsada. Ka tura ɗuwawu har ƙarshen kujera, ka ji nauyinka a kan ƙasusuwan zama guda biyu, ba a kan ƙashin wutsiya ba. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo. In bayan kujerar ba ya tallafar kwankwaso, ka naɗe ƙaramin tawul ka sa. Ka ɗaga allon kwamfuta har samansa ya zo daidai ido, ka sassauta bel. Bayan haka ka jingina abinka, jingina ba laifi ba ce. Teburin aiki a tsaye yana da amfani in ana sauyawa tsakanin zama da tsayuwa, amma wuni a tsaye cak wata daɗewar ce da nata ciwon.

Numfashin kuwa ka fara koyonsa a kwance rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe. Ka ɗora tafin hannu a kan haƙarƙarin ƙasa ta gefe da gefe. Ka ja iska ta hanci a hankali, kamar daƙiƙa 4, ka ji haƙarƙarin yana tura hannuwanka waje, ciki na ɗan tasowa da kansa ba tare da ka tura shi ba, kafaɗu na nan inda suke. Ka fitar a cikin daƙiƙa 6 ko fiye, har ka ji haƙarƙarin gaba ya sauko. Ba cika huhu fam ake nema ba. Minti uku zuwa biyar sun isa, in ka ji jiri to ka yi yawa, ka rage. Idan ya zauna maka a kwance sai ka mayar da shi zaune, ka riƙa yin biyar ko shida duk lokacin da ka tashi. Bugun zuciya yana ɗan sassautawa a lokacin fitar da numfashi, shi ya sa doguwar fitarwa ke kwantar da jiki.

Ga ƙugu, ka durƙusa a kan gwiwa ɗaya bisa abu mai laushi, ɗayar ƙafar a gaba. Kafin ka matsa ko'ina, ka matse ɗuwawun ɓangaren da gwiwarsa ke ƙasa, ka naɗo ƙashin mara sama kaɗan. Da yawa a nan ma za su ji ja a gaban cinya. Sannan ka tura ƙugu gaba kaɗan, ba tare da ka gantsare ba, domin da ka gantsare miƙar ta bar ƙugu ta koma kwankwaso, kuma wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Ka ɗaga hannun wannan ɓangaren sama, ka fitar da numfashi a hankali, ka riƙe rabin minti, sau biyu ko uku kowane gefe. Amma miƙa ita kaɗai ba ta wadatar ba. Tsokar ɗuwawu ƙarfi take so: ka kwanta rigingine ka riƙa ɗaga ƙugu sama kana saukewa, ka riƙa tashi daga kujera kana komawa ba dafawa, ka hau matakala in akwai. Sati huɗu zuwa shida na yin haka a kai a kai yakan nuna bambanci.

Dalilin tashin ya wuce wuya da ƙugu. Tun 1953 Jerry Morris ya gano cewa kwandastocin bas masu hawa biyu a Landan, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke wuni a zaune ba. A 2016 wani babban nazari a mujallar likitanci ta Lancet, da ya tattara bayanan mutane sama da miliyan ɗaya, ya nuna cewa minti 60 zuwa 75 na matsakaicin motsa jiki a rana yana shafe ƙarin haɗarin mutuwar da ke tattare da zaman awa takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri ta shiga lissafi, kuma ita ce ke ba cinya damar wucewa baya, ta sa tsokar numfashi ta yi cikakkiyar sauka.

In kana fama da ƙwannafi, ka kula da zaman bayan cin abinci. Maƙoshi, wato hanyar abinci, ta cikin tsokar numfashi ya ratsa kafin ya kai tumbi, kuma ita ke taya shi rufe ƙofar. Ranƙwafawa da cikakken ciki tana turo abin da ke tumbi sama.

Duk abin da na faɗa ya hau kan zaton cewa kana da lafiya, kuma ban duba ka ba. Numfashin da zama ya takura yana sakewa da ka tashi ka yi tafiya. In naka ƙaruwa yake da tafiya ko hawa matakala, ko yana tashe ka da dare, ko akwai tari mai daɗewa, ko ƙarar numfashi, ko bugun zuciya da saurin gajiya, ko kumburin ƙafafu, ka je a duba ka, domin asma da ƙarancin jini da ciwon zuciya duk da haka suke farawa. Haka ciwon matse-matsi mai sa ɗingishi, ko kumburi a wurin, ko ciwon baya da ke tafe da zazzaɓi da gumin dare da rama, tunda tarin fuka na ƙashin baya yana iya tara mugunya ta bi jikin sowas ta gangaro. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari ba ya jiran gobe.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi gaggawa. Tsokar sha-raɓa ce ke tura jinin ƙafa sama, tsokar numfashi kuma tana taya ta janyo shi zuwa zuciya, dogon zama kuwa yana rage aikin dukansu. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa bayan tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune, ko da yake a wurin mai lafiya yana nan kaɗan. Ya fi yawa ga wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciki ko mai jego, da mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, da mai ƙiba, da mai ciwon daji. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, da sukar ƙirji idan an ja iska, ko tari da jini, kada a tausa ƙafar, kada a tsaya gwada motsa jiki. A tafi sashen gaggawa na asibiti a take, a gaya wa likita tsawon zaman da aka yi kafin abin ya fara.